Tambayar da Wani Dattijo Ya Yi Mana a Ƙofar Mata



Maƙalarmu ta yau ta samo asali ne daga wata kunya da muka sha a Kano, kuma mun ga gara mu faɗe ta da bakinmu ko wani zai amfana.

Mu huɗu muka taso daga Daura, muka bi ta Kazaure da Ɗambatta muka shiga Kano don wani taron marubuta. Ranar Lahadi aka tashi taron da wuri, sai ɗayanmu ya ce tunda Kano Pillars na da wasa a gida, mu je mu kashe kwarkwatar ido kafin mu kama hanya. Ana idar da la'asar muka sayi tikiti muka shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wanda bai taɓa shiga filin nan ranar wasan Masu Gida ba, ba zai gane abin da muke nufi ba: ruwan ɗorawa da kore ko'ina, ganguna, masu sayar da rake da ruwan leda, ga kirari yana tashi daga kowane ɓangare. A gabanmu wasu samari sun ɗaga wani ƙyalle da suka rubuta wa shekaru huɗu da fenti: 2008, 2012, 2013, 2014. Shekarun da ƙungiyar ta ci gasar Firimiyar Najeriya ke nan. Duk lokacin da wasa ya yi sanyi sai su ɗaga ƙyallen su ɗauki ihu, jama'a su amsa. A gaskiya rabin murnar ranar ta kofunan baya ce, don wasan da ake yi a gabanmu bai yi wani armashi ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, wani dattijo da ke kusa da mu, mai farar hula da rediyo ƙarama a hannu, ya kira ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Yaro, ƙyallen nan naku bai cika ba. Ina 1953? Ina 1978?" Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, ai a lokacin ba a kafa Pillars ba." Dattijon ya ce, "Kano fa? Ita ma ba a kafa ta ba?"

Dariyar da muka yi ce ta jawo hankalinsa gare mu. Muka gaishe shi, ya tambayi daga inda muke, muka ce Daura. Ya tambayi sana'armu, muka ce rubutu muke ɗan taɓawa. Sai ya gyara zama ya ce, "Madalla. To 'ya'yana, ku 'yan jihar Katsina ne, kuma marubuta. Sau nawa Katsina United ta je wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale?"

Muka dubi juna. A cikinmu akwai wanda zai iya jero maka 'yan wasan Arsenal na 2004 ba gargada, akwai wanda ya haddace ƙwallayen da aka ci a wasan Liverpool da AC Milan na 2005. Amma ba wanda ya san ma ta taɓa zuwa. Dattijon ya ɗaga yatsu uku, ya mayar da rediyonsa kunne, bai ƙara ce mana komai ba.

Abin da ke biye shi ne amsar da muka je muka nemo, tare da darasin da muka tsinta a hanya.

Mu fara da 1953, shekarar farko da Baba ya ambata. Kofin Ƙalubale shi ne gasar ƙwallo mafi tsufa a ƙasar nan. An fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma a shekarun farko ƙungiyoyin Legas ne suke ta karɓe-karɓe a tsakaninsu, musamman ta ma'aikatan jirgin ƙasa. A 1953 ƙungiyar Kano ta je Legas ta doke Dynamos da ci 2 da 1, ta ɗauko kofin. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar Legas, kuma Arewa ya zo. Ku yi tunanin yadda tafiyar ta kasance a wancan zamani, kwana da kwanaki a jirgin ƙasa, a je garin mutane a ci su a gaban jama'arsu. Bayan wannan sai da Kano ta jira shekara 66 kafin kofin ya sake shigowa garin, a 2019, lokacin da Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti da ci 4 da 3 a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan an tashi ba ci.

Gasar lig ta ƙasa kuwa an fara ta ne a 1972, kuma ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin ta. Shekara shida bayan haka, a 1978, Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara. Wannan ita ce shekara ta biyu da Baba yake nufi. A wancan lokaci Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan ne suke shan sharafinsu, sun ci kofunan Afirka a 1976 da 1977, don haka ƙwace lig daga hannunsu ba ƙaramin aiki ba ne. A shekarar ce kuma ƙungiyar Fluminense ta Brazil ta kawo ziyara Najeriya, ta buga wasan sada zumunci da Raccah Rovers a Kaduna, kuma Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya shiga fili. Yau a Kano idan ka ce Pele, yara za su ɗauka Rabi'u Ali kake nufi, kyaftin ɗin Pillars da aka laƙaba wa sunan. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mai ainihin sunan ya taɓa karawa da 'yan garinsu. A 1979 Raccah ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka. Daga baya ƙungiyar ta rushe, sunanta ya koma bakin dattawa.

Ita Kano Pillars an kafa ta ne a 1990, shekarar da aka fara lig ɗin ƙwararru, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki shekara 18 kafin ta ci lig na farko a 2008 a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. A shekara mai bi mata ta yi abin da har gobe ake labari. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka yi 1 da 1 a Kano, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida, Heartland ta Owerri, ta fitar da ita. A kakar 2010 wani matashi mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars, daga nan ya wuce Turai. Sai kofuna uku a jere: 2012 da 2013 a hannun koci Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015 ba wata ƙungiya da ta ci Pillars a gidanta a wasan lig, wasa 202 ke nan, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon da ci 2 da 1. Sannan a 2022 wannan ƙungiya mai kofi huɗu ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. Samarin da ke gabanmu sun san wannan faɗuwa, sun sha ɗacinta, shi ya sa suke riƙe da ƙyallensu da hannu biyu.

Yanzu mu zo gida, ga yatsu ukun da Baba ya ɗaga mana.

An ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, aka cire ta daga tsohuwar jihar Kaduna, da masarautu biyu, Katsina da Daura. Jihar ba ta cika shekara goma ba ƙungiyarta ta ƙwallo ta yi abin da manyan ƙungiyoyi da dama ba su taɓa yi ba. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1995, Shooting Stars ta cinye ta. Ta koma a 1996, Julius Berger ta Legas ta cinye ta. Ta sake komawa a 1997, BCC Lions ta Gboko ta cinye ta. Sau uku a jere tana zuwa bakin kofi tana dawowa hannu rabbana. Kuma da yake Shooting Stars ta haɗa lig da kofi a 1995, Katsina United ce ta wakilci Najeriya a gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1996.

Dubi waɗanda suka doke ta. Shooting Stars ɗin 1995 ita ce ta je wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 1996, sai a bugun fenariti Zamalek ta karɓe kofin. BCC Lions ta riga ta ci kofin Afirka a 1990. Julius Berger kuwa kamfanin gine-gine mafi ƙarfi a ƙasar ne ke ɗaukar nauyinta. Ƙungiyar sabuwar jiha, wadda ba ta da dogon tarihi, ita ce take ratsa dukan zagayen gasar shekara uku tana tarar da irin waɗannan a ƙarshe. Bayan wannan zamani ƙungiyar ta yi ƙasa, ta daɗe a ƙananan rukunai, har ta ɗauki wani suna na daban, kafin ta dawo da sunanta ta hau Firimiya a kakar 2017, tana wasa a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina.

Mafi yawanmu a wannan zaure ba a haife mu ba a 1995, ko kuma muna goye. Wannan uzuri ne, amma ba mai ƙarfi ba, domin ba a haife mu ba a 1960 ma, kuma mun san abin da ya faru. Dalilin rashin saninmu ya fi haka zurfi. Na farko, shekarun nan uku sun faɗo ne daidai lokacin da ƙungiyar ƙasa take haskawa: kofin Afirka a Tunisiya a 1994, zuwa Kofin Duniya karo na farko a shekarar, sai zinare a Atlanta a 1996, da 'yan Arewa irin su Daniel Amokachi, Tijjani Babangida da Garba Lawal a ciki. Hasken wannan ya rufe na gida. Na biyu, ba a daɗe ba tauraron ɗan'adam ya kawo mana ƙwallon Turai, gidajen kallo suka cika unguwanni daga Daura har Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure. Yaro ya tashi yana jin tarihin Manchester United kullum daga bakin masu sharhi, da hotuna da alƙaluma, ba wanda ke ba shi na Katsina United. Na uku, wanda shi ne ya shafe mu kai tsaye, wanda ya zo na biyu ba ya samun maroƙi. Wanda ya ɗaga kofi ana ɗaukar hotonsa, wanda aka ci sai ya shiga mota ya kama hanyar gida.

A nan za mu ɗan leƙa waje, don mu ga yadda wasu suke yi da nasu zakarun. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri wani ya make ta da kulki ya ruga. Ba wasanmu ba ne, kuma ba lallai mu so shi ba, amma babu wasan da ya kai shi adana tarihi. Al'adarsu ce idan nasarar ƙungiya ta cika shekara 10 ko 25 ko 50, sai a ware ranar wani wasa a gayyato tsofaffin 'yan wasan da suka ci kofin. Kafin a fara wasa a kira su ɗaya bayan ɗaya da lasifika, su fito cikin tsohuwar rigarsu, wani da sanda wani a keken guragu, wanda ya rasu a kira matarsa ko ɗansa. Uba ya zo da ɗansa yana nuna masa, ga wanda nake ba ka labari. Ƙungiyar Yankees ta birnin New York, mai kofi 27, tana da ranar tsofaffin 'yan wasa da take yi tun shekarun 1940. Tushen abin kuwa wani taro ne na ranar 4 ga Yuli 1939, da aka shirya don karrama ɗan wasansu Lou Gehrig bayan likitoci sun gano yana da cutar da ba ta warkewa. Aka tattaro abokan wasansa na zakarun 1927, har da Babe Ruth, suka tsaya tare da shi a fili. Aka jingine lambar rigarsa, 4, ba wanda zai ƙara sa ta. Ya rasu a 1941. A wannan shekara ta 1939 ce kuma aka buɗe gidan tarihin wasan a wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda wannan ɗabi'a ta samo ƙafa. Wani ɗan jarida ne haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick, tun wajajen 1859, ya tsara wani ɗan jadawali da ake bugawa a jarida bayan kowane wasa: sunan kowane ɗan wasa, abin da ya yi, kuskuren da ya tafka. Jaridu suka ɗauka, aka ci gaba da yi har yau. Saboda haka idan za a yi bikin cika shekara 50, ba a neman wanda zai tuna, takarda ake buɗewa. Kuɗin da ƙungiyoyinsu ke da shi ya taimaka, babu musu. Amma kafin kuɗin, marubuci ne ya zauna da alƙalami a bakin fili.

To sai dai mu 'yan Daura bai kamata a ce Amurkawa ne za su koya mana tuna nasara ba. Garinmu kacokan a kan tuna wata nasara yake zaune. Kowane yaro a garin nan ya san labarin baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu, ya je da dare ya sare kan macijin, Magajiya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Masana suna ta muhawara a kan wane ɓangare na labarin ne tarihi, wane ne hikaya, kuma muhawarar tana da amfani. Abin da ba a muhawara a kai shi ne yadda aka riƙe labarin. An ba shi wuri: rijiyar tana nan an kewaye ta, baƙo na zuwa ya sha ruwanta. An ba shi kaya: takobin da ake dangantawa da Bayajidda yana fada. An ba shi lokaci: Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, da hawan da ake yi, mutane su zo daga ƙauyuka har da ƙetaren iyaka daga Nijar. An ba shi baki: maroƙa da makaɗan fada masu jero sunayen sarakuna. Sannan aka ba shi takarda, wato Girgam, jerin sarakunan da aka adana a rubuce.

Kuma wannan riƙo ya yi rana. Bayan jihadi, a wajajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya bar garin, Malam Isyaku ya zauna a gadon. Zuriyar tsohon gidan sarauta suka koma Zango da Baure, suka yi kimanin shekara ɗari a waje. Duk tsawon wannan lokaci ba su bari jerin sunayen ya yanke ba. A 1906 aka dawo da Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon har zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya gaji Sarki Muhammadu Bashar a 2007. Mutanen da aka ci da yaƙi ne suka riƙe tarihinsu har ya dawo da su gida. Da Bature M. G. Smith ya zo yin bincike, dattawa ya tarar da labari a bakinsu, ya haɗa littafinsa a kan al'amuran Daura, wanda aka buga a 1978, shekarar da Raccah Rovers ta ci lig.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba muna haɗa ƙwallo da sarauta ba ne, balle mu haɗa ta da watan Maulidi. Kowane abu da matsayinsa. Hanyar kawai muke nunawa: abin da aka ba wuri da lokaci da baki da takarda yana rayuwa, wanda aka bari a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya yana bin sa kabari. Ko a fagen wasa ma kakanninmu sun san haka. 'Yan dambe nawa aka yi a ƙasar Hausa masu ƙarfin Shago? Allah kaɗai Ya sani. Amma Shago ya sami Ɗan Anace, shi ya sa yaron da bai taɓa ganin hotonsa ba ya san sunansa. Ƙwallon ƙafa ta zo mana ne a zamanin boko, makaɗan fada ba su ɗauke ta aikinsu ba, mu kuma 'yan boko da ya kamata mu gaje su a wannan fage muka tsaya kallon Turai.

Wani zai ce, ƙwallo ce fa, wasa ne, me ya kai marubuci? Mun yi wa kanmu wannan tambaya a mota muna dawowa. Amsar da muka samu ita ce, wanda ya bi labarin ƙungiyar ƙwallo da gaske zai tarar da tarihin garin gaba ɗaya a ciki. Sunayen ƙungiyoyin da aka haɗa aka yi Pillars kaɗai sun ishe mu misali: WRECA hukumar samar da ruwa ce ta jihar Kano, Bank of the North banki ne na jihohin Arewa wanda yau babu shi. A ciki akwai labarin zamanin da ma'aikatu da kamfanoni ke ɗaukar matashi aiki saboda ƙafarsa, da yadda wannan zamani ya wuce, ƙungiyoyi suka koma hannun gwamnatocin jihohi. Labarin Katsina United na 1995 zuwa 1997 shi ma labarin sabuwar jiha ne da ke neman a san da ita. Waye ya tara 'yan wasan, daga waɗanne garuruwa suka zo? Yaya aka yi tafiyar, wa ya bi su, wa ya tsaya a gida ya kasa kunne a rediyo? Me aka ce musu da suka dawo karo na uku ba kofi? Ina suke yanzu, da me suke ci da iyalinsu? Duk wanda ya amsa waɗannan ya rubuta littafin da babu irinsa a kasuwar Sabon Gari.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Wanda ya buga wasan ƙarshe na 1995 yana ɗan shekara 25, yau ya haura 50. 'Yan Raccah na 1978 waɗanda ke raye sun haura 65 ko 70. Na 1953 kuwa sai dai a nemi 'ya'ya da jikoki, a roƙe su su buɗe tsohuwar adaka ko za a dace da hoto. Kowace shekara muna rasa wasu, kuma duk wanda ya tafi ya tafi da abin da shi kaɗai ya gani.

Ga shawarar da muka yanke a tsakaninmu, muna kuma miƙa ta ga zaure. Kowa ya fara da garinsa, ba sai an je Katsina ko Kano ba. Babu ƙaramar hukumar da ba ta da ƙungiyar unguwa da ta taɓa cin wani kofi, ko ƙungiyar makaranta da aka daɗe ana labarinta. A nemi tsohon ɗan wasa, ko tsohon koci, ko direban da ke kai su, ko mai shayin da suke zama wurinsa. A je da ladabi, a nemi izini kafin a kunna rikoda a waya, a bar shi ya yi magana ba tare da katse shi ba. A tambayi sunaye cikakku da laƙabi, a tambayi shekara, idan ya manta a tambaye shi wa ke gwamna a lokacin, ko kafin wane abu ne ko bayansa, daga nan za a iya lissafawa. Kada a dogara da baki ɗaya: tsohon ɗan wasa mutum ne, ƙwallon da ya ci daga yadi goma tana iya zama yadi talatin bayan shekara talatin. A ji ta bakin mutum biyu ko uku, inda suka saɓa a rubuta cewa sun saɓa. A ɗauki hoton tsofaffin hotuna, a rubuta sunan kowa daga dama zuwa hagu tun mai gane su yana nan. Mai hali ya leƙa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa ko Arewa House a Kaduna ya duba tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kuma abin da ba a tabbatar ba kada a cike gurbinsa da ƙirƙira. Mai rubuta ƙagaggen labari yana da wannan 'yanci, mai rubuta tarihi ba shi da shi, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da mutuncin shafi ɗari.

Akwai wani abu kuma da muke roƙo: kada a tsaya kan waɗanda suka ci kofi kawai. Da Baba ya so, da tambayar Pillars zai yi mana, mu ba shi amsa daga ƙyallen da ke gabanmu. Sai ya zaɓi ya tambaye mu ƙungiyar da ta je sau uku ba ta ci ba, don ya san ita ce ba ta da mai faɗa mata. A ganinmu ma labarinta ya fi daɗin rubutu. Mutumin da ya faɗi a 1995 ya tashi ya koma, ya faɗi a 1996 ya sake komawa, akwai abin da matashin yau mai neman aiki ko mai sake zana jarrabawa zai koya a wurinsa.

Idan Allah Ya sa aka tara waɗannan labarai, sauran mai sauƙi ne. Wata rana za a iya tsayawa a filin Muhammadu Dikko kafin a take wasa, a kira sunayen 'yan 1995 da 1996 da 1997 ɗaya bayan ɗaya, masu rai su fito, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a kira 'ya'yansu a yi musu addu'a. Shirya wannan ba aikinmu ba ne, akwai masu shi. Namu shi ne ranar da suka tashi yi, su tarar da sunayen a rubuce.

Ba mu tambayi Baba sunansa ba, kuma wannan ma kuskure ne irin wanda muke gargaɗi a kai. Da aka tashi wasa cunkoso ya raba mu a bakin ƙofa. Mutumin da mai yiwuwa ya ga Raccah da idonsa ya zauna kusa da mu fiye da awa ɗaya, mu huɗu kowa da waya a aljihu, ba wanda ya ɗauki muryarsa. Idan akwai ɗan Kano a zauren nan da ke zuwa Ƙofar Mata, ya duba mana dattijo mai farar hula da ƙaramar rediyo, ya gaishe mana da shi, ya ce masa yaran Daura sun samo amsa: sau uku ne, 1995, 1996 da 1997.

Wanda ke da tsohon ɗan wasa a gidansu ko unguwarsu, ya sanar da mu, mu san inda za mu fara. Wanda kuma ya ga gyara a abin da muka kawo, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rai lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.